Abincin da Ba Mu Ƙirgawa

Shirinmu na musamman yau zai tsaya kan maganar da ake yawan ji a bakin wanda likita ya ɗora bisa sikeli: "Wallahi ni ba na cin abin kirki, ko ruwa na sha sai in yi ƙiba." Sau da yawa mai wannan magana ba ƙarya yake yi ba, malmalar tuwonsa ba ta fi ta maƙwabcinsa girma ba. Lissafi ne ya kuɓuce masa, domin mu nan abin da aka zuba a kwano, aka wanke hannu aka zauna aka ci, shi kaɗai muke kira abinci. Sauran duk taɓa-ka-lashe ne, kuma a cikinsa ƙibar take ɓuya.

Mu bi yinin ma'aikaci ɗaya. Da safe ya tsaya teburin mai shayi, an kwarara masa madarar gwangwani mai zaƙi har ta kwanta a gindin kofi, an ƙara sukari, ga burodi an shafe shi da bota. Da hantsi yarinya ta shigo da fari masa mai zafi, takardar da aka naɗe shi ta jiƙe sharkaf da mai. Da rana shinkafa da wake, kuma ba ya barin mai abinci sai ta ƙara masa ludayin mai, sa'an nan ya kora da lemun buteli mai sanyi. Da la'asar sai fada: ƴar buta bisa garwashi, shayi na fari, na biyu, na uku, kowane da nasa sukarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12, rabin haka ma ya fi. Gwangwanin lemu guda yana ɗauke da kusan giram 35. Shi kuwa mai, kowane giram nasa yana ba jiki kalori 9, alhali na hatsi 4 ne. Abin da ya fi damuna a nan shi ne, zaƙin da aka sha ba ya ƙosarwa: ya shiga jiki, amma ciki bai shaida ba, sai a zo a ci tuwon dare cikakke kamar an yini da azumi.

Wani zai ce gado ne, duk gidansu haka suke. Akwai gaskiya a ciki, jiki ya bambanta, wani ya fi wani saurin tara kitse, haihuwa ma tana barin nata. Amma ƙiba tsakanin manya a duniya ta ninka fiye da biyu daga 1990 zuwa 2022, kuma jinin mutane bai sauya cikin shekara talatin ba. Kakar da aka gado ta daka gero a turmi, ta ja guga, ta taka zuwa gona. Jikanta kabu-kabu yake hawa daga ƙofar gida zuwa kasuwar Wadata ta Yamai. Zafi ma hujja ce ta gaske, ba mai cewa a fita tattaki da tsakar rana a watan Afrilu. Sai dai minti 150 na motsa jiki da ake nema a mako rabin awa ne cikin kwana biyar, bayan sallar asuba ko da maraice, kamar yadda wasu ke yi a kewayen filin wasa na Seyni Kountché. Kuma wannan rabin awar kusan gwangwanin lemu ɗaya kawai take ƙonewa, saboda haka ƙafa ba za ta biya duk bashin baki ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mai cewa: a ƙasar da tamowa ke kwantar da yara, wa ke da bakin zancen ƙiba? Ban raina wannan tambaya ba, yunwa ce ta koya mana ganin jiki a matsayin rufin asiri, shi ya sa amarya idan ta murje ake yaba wa miji, idan ta rame a fara tsegumi. Al'adar hangandi ta Zabarmawa ma, wato ciyar da mace don ta yi ƙiba, daga wannan tunani ta fito. Amma ƙiba ba ta tsaya gidan masu hali ba, domin farar shinkafa da mai da sukari su ne ke cika ciki da kuɗi kaɗan, har a iske uwa mai hawan jini tana goye da yaro mai ƙarancin jini. Ga kuma ƙwayoyin sha-ka-fashe da ƴan talla ke yawo da su a faranti. Wasunsu irin su dexamethasone ne, masu kumbura fuska, su ɗaga sukarin jini, su jawo hawan jini. Ciwon sukari da hawan jini kan yi shekaru ba su nuna alama ba, kuma awonsu a asibitin unguwa ba ya wuce ƴan mintoci.