Kama da Wane Ba Ta Wane: Zalɓe da Danginsa a Fadamar Haɗeja da Nguru

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko da bai taɓa yin nisa da ganuwar garinsu ba, ya san balbela, domin da wuya a ga garke yana kiwo a bayan gari ba a ga waɗannan fararen tsuntsaye suna bin sawunsa suna cafke farin da kofato ya tayar ba. Amma da za a kai mutum bakin tafki, a nuna masa fararen tsuntsaye goma masu dogayen ƙafafu, a ce ya rarrabe su, mafi yawanmu cewa za mu yi dukansu balbelu ne, alhali kuwa mai yiwuwa ne jinsi uku ko huɗu ne ke tsaye a wurin, kowanne da siffarsa da abincinsa da ɗabi'arsa wadda ta saɓa wa ta ɗan'uwansa. Magabata sun ce kama da wane ba ta wane, ban kuwa san fagen da wannan magana ta fi tabbata ba irin fagen tsuntsayen ruwa.

Wurin da na fara fahimtar haka shi ne fadamar nan mai faɗi da ke tsakanin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke rarrabuwa cikin tuddan rairayi, su malale ƙasa da damina, kafin su sake haɗuwa su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Saboda yawan tsuntsayen da ke taruwa a nan ne, a shekarar 2000, aka shigar da Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, shi ne kuwa wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya, sannan Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008.

Na shiga ruwan ne wata safiya cikin hunturu, bayan an idar da sallar Asuba, tare da wani dattijo masunci wanda ya ɗauke ni a kwalekwalensa, hazo kuwa ya sauko har ba a iya hangen gorubar da ke tsallake. Ina riƙe da madubin hangen nesa, shi kuwa ba shi da komai sai gorar da yake tunkuɗa jirgi da ita, amma ba mu yi nisa ba na gane wane ne malami wane ne almajiri a cikinmu. Wani babban tsuntsu ya gifta ta samanmu, na ce masa, "Baba, ga shamuwa." Ya ce, "Haba Malam, shamuwa da sanyin nan? Dubi wuyansa. Zalɓe ne." Sai ya yi mini bayanin ƙa'idar da na same ta daidai da abin da ke cikin littattafan masana: zalɓe da balbela da duk danginsu, in sun tashi sama, lanƙwashe wuya suke yi su maƙale kai tsakanin kafaɗu, ƙafafu na miƙe a baya, amma shamuwa da jinjimi da gauraka miƙe wuya suke yi sosai kamar sanda. Wanda ya riƙe wannan mas'ala guda ya raba tsuntsayen gida biyu tun daga nesa, tun launinsu bai bayyana ba. Borin tunke ne kaɗai, cikin dangin shamuwa da muka sani, yake karya wannan ƙa'ida ya janye wuyansa, amma girmansa da sanƙon kansa ba su barin shubuha.

Fararen su ne suka fi rikita mai koyo, don haka ya kamata a daɗe a kansu. Balbelar shanu ita ce gajera, mai kaurin wuya, bakinta gajere rawaya, haɓarta a cike kamar ta ƙunshi wani abu, kuma ba ta damu da ruwa sosai ba, tun da abincinta fara ne da sauran ƙwari. Idan lokacin saƙar gida ya zo sai gashin kanta da na ƙirjinta da na bayanta su yi launin ƙasa-ƙasa kamar an shafa mata jar ƙasa. Akwai wata wadda ta ɗan fi ta tsawo da siranta, bakinta baƙi siriri kamar tsinke, ƙafafunta baƙaƙe, amma yatsunta rawaya kamar ta taka kwaɓin kurkum, ita kuwa ba ta zama wuri ɗaya, kullum tana kai da kawowa cikin ruwan da bai wuce gwiwarta ba, wani lokaci ta miƙa ƙafa ɗaya gaba ta girgiza laka don ƙananan kifi su firgita su fito. Babbar cikinsu tsayinta ya kai kimanin mita 1, bakinta rawaya ne a mafi yawan shekara, ƙafafu da yatsu duk baƙaƙe, wuyanta dogo da wata karaya a tsakiyarsa, tana takawa sannu kamar mai tsoron ta da barci. Saboda haka mai nazari ba farin gashi yake dubawa ba, domin duk sun yi tarayya a cikinsa. Baki yake dubawa, sa'an nan yatsu, sa'an nan irin tafiyar.

Ita balbelar shanun nan da muke rainawa saboda sabo, tana da tarihin da ya cancanci a faɗa. Asalinta tsuntsuwar Afirka ce da kudancin Turai da Asiya, amma da fukafukanta ta ƙetare Tekun Atalantika, aka fara ganinta a arewacin Amurka ta Kudu wajen 1877, a 1953 kuwa aka same ta tana ƙyanƙyasa a Fulorida ta ƙasar Amurka, yau ga ta tana bin shanu a nahiyoyin da kakanninta ba su san da su ba.

Shi kuwa zalɓe, wanda shi ne dattijon wannan dangi, ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ruwan toka, farin kai da baƙin zane daga ido zuwa ƙeya, wanda ke tsayuwa a fili bakin ruwa. Akwai mai baƙin kai da farin maƙogwaro, wanda ake yawan gani nesa da ruwa, cikin gonakin da aka girbe, yana farautar ɓeraye da ƙadangaru, in ya tashi kuwa ƙarƙashin fukafukansa rabi fari ne rabi baƙi. Akwai siriri mai jan wuya kamar maciji, wanda ba ya son fili, sai cikin duhun kacalla, in ya ji motsi ya miƙe baki sama ya sandare har ya saje da ciyawa. Wani ƙarami kuma launin busasshiyar ciyawa gare shi, ba ka ganinsa ko kana kusa, sai ya tashi fararen fukafukai su bayyana farat ɗaya, ya sauka ya sake ɓacewa. Mafi girman duka, wanda tsayinsa kan kai mita 1.5, sai a manyan ruwaye, ganinsa kuwa sai an yi dace.

Abin da ya fi jan hankalina ga zalɓe shi ne tsayuwarsa. Na taɓa zuba wa guda ido kusan rabin sa'a yana tsaye bai motsa ba, ruwa ya kai masa ƙauri, iska na kaɗa dogon gashin ƙeyarsa, har zuciyata ta raya mini barci yake yi. Can sai na ga kansa yana sunkuyawa a hankali ƙwarai, kamar inuwar la'asar, wuyan ya naɗe, sa'an nan cikin ƙiftawar ido ya harba baki cikin ruwa ya fito da 'yar karfasa tana wutsil-wutsil, ya jujjuya ta har kanta ya fuskanci maƙogwaronsa don kada ƙayar bayanta ta tokare shi, ya haɗiye. Masu binciken ƙashi sun bayyana cewa ɗaya daga cikin gaɓoɓin wuyansa Allah Ya halicce ta da wata siffa dabam wadda ke sa wuyan ya naɗe ya kuma saki kamar baka. Malaman Larabawa ma sun yi tafakkuri a kan wannan tsayuwa, har suka yi masa laƙabi da Malikul Hazin, wato mai mulki ma'abocin baƙin ciki, kuma Damiri, wanda ya rasu a 1405, ya kawo a littafinsa Hayatul Hayawan cewa wai yana zaman bakin ruwa ne cikin jimamin kada ruwan ya ƙafe. Hakika ba baƙin ciki ne ya tsayar da shi ba, neman abinci ne, amma wanda ya gan shi shi kaɗai da magariba a bakin tafkin da ke janyewa zai yi wa masu wannan zato uzuri.

Ranar nan dattijon ya nuna mini abin da ban taɓa gani ba. Ya tsayar da jirgi, ya yi mini nuni da leɓe, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ga mai laima." Wani baƙin zalɓe ne ƙarami, baƙi ƙirin in ban da yatsunsa rawaya, ya yi taku uku da sauri, ya watsa fukafukansa gaba ya haɗa bakinsu a kan ruwa, ya cusa kai ciki, ya zama kamar an kife baƙar ƙwarya. Ya ɗan jima haka, ya buɗe, ya ƙara gaba, ya sake kifewa. Inuwa yake yi wa kifi, su kuwa su taho neman mafaka su faɗa bakinsa. Tsuntsun da ke wannan aiki ba ya bukatar a duba littafi kafin a shaida shi, kuma daga nan na ƙara yaƙini cewa ɗabi'a hujja ce mai ƙarfi kamar launi, wani lokaci ma ta fi shi. Haka jinjimi, mai farin jiki da baƙin kai marar gashi, yake caka bakinsa mai lanƙwasa kamar lauje cikin laka, wani farin kuma mai baki kamar ludayi yana share ruwa dama da hagu, ga kuma ɗan tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya bisa ganyen bado bai nutse ba.

Sanin lokaci ma rukuni ne na wannan ilmi, shi ya sa dattijon ya yi mamakin ambaton shamuwa da hunturu. Shamuwa baƙuwar damina ce: takan iso gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari ba mai taɓa ta, domin manoma na ɗaukar zuwanta bushara, idan kaka ta yi kuma ta tafi gabashi da kudancin Afirka. A littattafan ilmi tana ɗauke da sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan. Baƙin hunturu kuwa daga arewa suke zuwa, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, cikinsu har da farar shamuwar Turai da wani kaso na zalɓen da muke gani. Turawa sun daɗe cikin ruɗu game da inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi, har a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da kibiyar mutanen Afirka soke a wuyanta, tana nan ajiye har yau a Jami'ar Rostok. Daga 1899 wani malamin makaranta a Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, ta wannan hanya aka bi sawunsu. Masana a Holan sun lura cewa shekarar da ambaliya ta yi ƙaranci a fadamun Afirka ta Yamma, zalɓe mai jan wuya da ke komawa ƙasarsu yakan ragu.

Wanda ke son wannan nazari ba ya bukatar dukiya, amma akwai ladubban da ba makawa sai ya kiyaye. Ya fita da sassafe ko da yamma liƙis, rana na bayansa, ya sa tufa mai duhu, ya zauna wuri ɗaya ya bar tsuntsu ya saba da shi maimakon ya bi shi. Ya rubuta abin da idonsa ya gani nan take, da rana da wuri, ya kuma bambanta yaƙini da zato, domin rubuta "ban tabbatar ba" ya fi ƙaga suna daraja. Kada ya kusanci itacen da suka yi sheƙa, gama iyaye in sun firgita suka tashi, rana da hankaka ba su barin ƙwai.

Abin da ke damuna shi ne fadamar nan ba yadda take a da ba. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar damina ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, abin da ya cuci manomi da masunci da makiyayi da tsuntsu baki ɗaya. Gauraka, mai tukkun zinariya, wanda dattijon ya ce da ƙuruciyarsa kukansu ke tashinsu da asuba, yau ya yi wuyar gani a dajinmu saboda kama shi da ake yi ana kai wa gidajen masu hali. Tare da tsuntsayen kuma sunayensu na tafiya, domin dattijon ya ambata mini sunaye da dama, na Hausa da na Badanci, waɗanda jikokinsa da ke makaranta ba su sani ba.

Kowace shekara cikin Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, aikin da aka fara tun 1967, ana kuwa yin sa a wannan fadama, kuma a Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke horar da 'ya'yanmu. Roƙona ga malaman makarantun Haɗeja da Nguru da Gashuwa, da duk garin da ke da tafki, shi ne su fita da almajiransu bakin ruwa ko sau ɗaya a hunturun bana, su gayyaci wani tsohon masunci ya raka su, su rubuta kowane suna da ya faɗa tare da siffar tsuntsun, tun masu sanin suna raye.