Wayar Aiki A Hannun Masu Kula Da Yara: Wa Zai Biya Caji?

Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a ƙofar gida ya san kuɗin saye ba su ne wahala ba, dawa da ciyawar kullum su ne. To haka lamarin yake game da wayoyin salula da ƙananan allunan kwamfuta da hukumomi da ƙungiyoyi ke raba wa ma'aikatan da ke kula da yara ƙanana, kama daga malaman makarantun reno har zuwa matan da ke zaga ƙauyuka suna awon tamowa.

Amfanin abin a fili yake. Mai awo za ta ɗaura zaren awo a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, in ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, sai ta shigar da sunansa a waya, labari ya kai likita tun kafin uwa ta goya shi ta kama hanya. A ƙasar Burkina Faso tun 2014 ƙungiyar Terre des hommes da ma'aikatar lafiya suka soma sa irin waɗannan alluna a ƙananan asibitoci domin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Amma ƙasar da ta fi kowa ganin daɗi da ɗacin wannan aiki ita ce Indiya. Tun 1975 gwamnatin can ta kafa gidajen renon yara da ake kira Anganwadi, waɗanda yawansu ya haura miliyan 1, kuma cikin wani shiri da aka ƙaddamar a 2018 aka yi ta raba wa matan da ke aiki a ciki wayoyi. A 2021 aka kawo masu sabuwar manhaja mai suna Poshan Tracker. Cikin wannan shekara dubban matan a jihar Maharashtra suka tattara wayoyin suka mayar wa hukuma. Kukansu shi ne wayoyin ba su da ƙarfin ɗaukar aikin, in sun lalace daga aljihunsu ake gyara, sannan manhajar da Ingilishi take alhali su Marati suke ji. Mai karatu ya lura, ba su ce ba su son waya ba. An ba su doki ne babu harawa.

A nan bakin iyaka kuwa akwai wata matsala da mai zaune a ofis a babban birni ba zai taɓa tunaninta ba. Duk ɗan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ko Birnin Ƙwanni da Illela, ya san yadda waya ke tsallakawa da kanta ta kama rezon ƙetare, ta cinye kuɗin kati mutum na barci. Wata mai awon yara da na tattauna da ita a gidan rediyonmu ta shaida mini cewa kuɗin intanet na wata guda da aka zuba mata ba su kai mako ba, kuma da ta kai ƙara sai aka zarge ta da kallon fim. Maganin bai fi minti biyu ba, a shiga cikin wayar a zaɓa mata rezon gida da hannu, a rufe yawon ƙetare tun kafin a miƙa ta. Babu wanda ya yi.

Sai batun wuta. Ba a manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har cajin waya ya zama abin bin layi. A ƙauye ma dama kullum haka ne. Ma'aikaciyar da ɗan abin da ake ba ta bai taka kara ya karya ba, in aka ce ita za ta riƙa biyan mai caji a kasuwa, to ranar da babu kuɗi babu aiki. A ganina duk wanda zai raba waya goma ya haɗa da ƙaramin faifan sola goma, in ba haka ba ya bar mutane da littafinsu da biro.

Masu shirya wayoyin da kyau suna rubuta lambar kowace waya a rajista tare da sunan wadda ta karɓa, kowa da lambar sirrinta, kuma a fayyace a takarda wa ke biyan gyara in gilashi ya fashe. Suna kulle wayar ta yadda manhajar aiki kaɗai ke buɗewa, domin a cikinta akwai sunayen 'ya'yan mutane da hotunansu da cutar da ke damunsu, abin da bai kamata maigida ko ƙane ya karɓa ya tura a WhatsApp ba. Mata da yawa ba su iya hana miji waya in ya ce a ba shi, kullen ne ke raba su da wannan rigima.

Wannan kulle shi ne ya shafe ku kai tsaye, 'yan kasuwa, musamman masu teburin waya. Irin waɗannan wayoyi ana iya rufe su daga nesa a goge abin da ke ciki da zarar an ce sun ɓata, kuma da yawa ko an wanke su ba su sakin mai su. Saboda haka in yaro ya kawo maka waya mai kyau da araha, ka kunna ka ga tambarin wata ƙungiya ko manhaja guda ɗaya tak, ka dakata. Danna *#06# za ta nuna maka lambarta mai alƙaluma 15, irin wadda ke rubuce a rajistar masu ita. Da wannan lamba ake bin sawun waya har teburin da ta kwana, kuma jandarma in sun zo wanda suka tarar da ita a hannunsa suke fara tambaya.