Makaɗan Talakawa da Sauyin Sha'awar Kiɗa a Ƙauyukan Yammacin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda sha'awar kiɗa ta sauya a wurin samarin ƙauyuka irin su Beli da sauran ƙasar Rogo da Karaye tsakanin 1960 da 1980, da kuma dalilan da suka haifar da sauyin.

2.0 Kiɗan da Aka Gada

A da, kowane kiɗa da muhallinsa. Gangar noma ta gayya ce, kalangu na dandalin 'yanmata da mahauta ne, taushi da kotso kuwa na fada ne. Saurayi bai da zaɓi. Abin da lokaci ko sana'a suka kawo shi yake saurara. Waƙar fada kuma ta sarki ce, talaka ɗan kallo ne kurum.

3.0 Hanyoyin Sauyi

Abubuwa uku ne suka buɗe kunnen mutumin ƙauye. Na farko, Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Na biyu, yaɗuwar rikoda da kaset, musamman bayan kuɗin Udoji na 1975. Na uku, cin rani, wanda ya kai samari Kano da Zariya da Funtuwa, inda suka tarar da makaɗa a otel-otel da tashoshin mota.

A nan suka san Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, ƙoƙonsa gwangwani ne da aka rufe da fata, kuma ba ya bukatar 'yan amshi. Ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da babu makaɗin fada da zai dube shi. Haka nan suka san kukumar Garba Supa da Hassan Wayam, da gurmin Haruna Uji. Wanda ya ji ana waƙe wahalarsa da soyayyarsa, da wuya ya koma ya gamsu da jin nasabar wani basarake kaɗai.

4.0 Kwatanci da Ingila

Irin wannan ya auku a Landan. A farkon shekarun 1970, ƙungiyoyi kamar Dr. Feelgood sun guje wa manyan filayen wasa da kayan kiɗa masu tsada, suka koma kiɗa a ƙananan mashaya. Wannan ya share fage ga kiɗan boren samari na 1976, irin na ƙungiyar The Clash. A wurare biyun sirrin ɗaya ne: kayan kiɗa marasa tsada, kusanci da mai sauraro, da zancen rayuwar talaka. Bambancin shi ne, na Ingila sun fito da fushi ƙarara, Ɗanmaraya kuwa ya bi ta nasiha da zambo.

5.0 Kammalawa

Wannan sauyi bai kashe waƙar fada ba, domin an ci gaba da sauraron Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Abin da ya yi shi ne ya ba mai sauraro ikon zaɓi. Sai dai kaset ba ya jure zafi da ƙura, kuma waɗanda suka shaida zamanin sun manyanta. Wajibi ne ɗaliban ilimi su shiga ƙauyukan nan su tattara abin da ya rage tun bai salwanta ba.