Tsakanin Malam da Likita, Ina Muka Bar Marar Lafiya?

A watan Oktoban 2019 'yan sandan jihar Katsina suka shiga wani gidan mari a garin Daura, suka fito da mutum 67, daga ɗan shekara 7 har zuwa mai shekara 40, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an ga irin haka a Rigasa ta Kaduna. Aka yi ta Allah wadai, aka garƙame gidan, labari ya wuce. Abin da ba a tsaya a kai ba shi ne, akasarin mutanen nan ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su, da kuɗinsu, da hawayensu. Uban da ɗansa ya faɗa shan kodin da tiramol, ko ya fara surutai shi kaɗai, ƙofar da ya sani ke nan ya ƙwanƙwasa.

Mun saba raba mutum gida uku. Jiki na likita ne, ruhi na malam, ita kuwa zuciya ba ta da mai ita, sai dai a ce mata "yi haƙuri". Alhali cuta ba ta san wannan rabon ba.

Dubi mai jego. Kwana goma da suna, ga ta zaune bakin gado, jariri yana ta tsala kuka a gefenta ba ta ko waiwaye shi ba. Kwanon kunun da aka kawo tun safe ya yi fata a sama. Kakar yaron ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Miji ya ce sabon salon raini ne. Likitoci sun san wannan hali sarai: ciwon damuwa ne da kan biyo bayan haihuwa, yana da magani, kuma idan aka bar shi yakan kai uwa ga cutar da kanta ko ɗanta. Haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa kai tsakanin Yuli da Oktoba, yana jijjiga, ido ya kafe. Awannin da aka ɓata ana turare su ne awannin da allura za ta cece shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai magidancin da aka auna aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwayoyi, ba wanda ya tambaye shi bashin takin da ke hana shi barci. Likita ya duba jiki ya sallami mutum da damuwarsa.

Masu ganin maganar lafiyar ƙwaƙwalwa baƙuwa ce daga Turai su koma tarihinmu. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi sukutum kan kula da jiki da rai tare, har ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashi ko asara, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai daga larurar jiki, ya ce na biyun yana buƙatar magani. Kafin shi ma, ai mun san labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, wanda ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa. Salmanu ya sa shi ya ci, ya yi barci, ya tuna masa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. To, dattijo mai ciwon suga da likita ya hana shi azumi, ya kafe sai ya yi a zafin Daura, ba ya fi Abu Darda'i son lada ba ne.

Ban ce a bar addu'a ba, ba kuma zan ce ba. Wanda ya tashi Asuba ya taka zuwa masallaci, ya gaisa da maƙwabta, ya samu abu uku a tafiya ɗaya: motsa jini, ganin jama'a, da natsuwa. Zaman makoki, ziyarar dubiya, haɗuwar dangi a Sallar Gani, duk magunguna ne da kakanninmu suka bar mana ba tare da sun kira su magani ba. Inda gizo ke saƙa shi ne a mayar da tofi madadin asibiti, ko a gaya wa mai ciwon damuwa wai ƙarancin imani ne ke damunsa. Wannan kalma ta sa mutane da yawa sun haɗiye ciwonsu.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai kallon marar lafiya kamar abin kullewa. Doka ta yi kyau, amma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, manyan asibitocinsu na wannan yankin kuma suna can Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Ga mutumin Baure ko Zango, wannan tafiya ce da kuɗin mota. Shi ya sa nake ganin malamin unguwa ya fi kowa riƙe makullin al'amarin, domin shi ake fara zuwa wurinsa. Idan ya yi addu'a sannan ya ce, "Alhaji, gobe ka kai yaron nan Babban Asibitin Daura a duba shi," za a kai. Maganarsa ta fi ta rediyo shiga.

Kirana ga limamai da masu unguwanni na Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure: a sa wannan batu cikin huɗuba da wa'azin mata. Kai kuma mai karatu, idan akwai wani a gidanku da ya daina ci, ya daina barci, ya guji mutane har sama da mako biyu, ka zauna ka saurare shi, ka yi masa addu'a, sannan ka raka shi asibiti da kanka.