Koko Tsararo Ba Ya Raya Jariri

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa nono zalla ya ishi jariri har wata 6. Daga nan sai a haɗa masa da abinci, kuma a nan ne iyaye mata da yawa sukan kuskure. Sai su dama koko tsararo su yi ta yi masa ɗura. Cikin yaro kuwa ɗan ƙanƙane ne. Da ruwa ya cika shi, sai rama, sai tamowa.

Abin da ya kamata shi ne kunun gero mai kauri, wanda ba ya zubewa daga cokali, da garin gyaɗa ko waken soya da ɗan man ja. A fara da cokali 2 ko 3, sau biyu a rana. Zuma kam sai ya shekara.