Ayilan: lakar da ke cin wuta ta haɗa manoma da gwamnati

A ƙauyukan ƙasar Ayilan, a yammacin Turai, har yanzu akwai gidajen da ke ɗumama ɗaki da laka. Baƙar laka ce da ake yankowa daga dausayi, wadda da Faransanci ake ce mata tourbe. Idan ta bushe tana cin wuta kamar itace. Yau wannan gado na kaka da kakanni yana tsaka mai wuya saboda sauyin yanayi.

Asalin lakar tsirrai ne, galibi gansakuka. A wurin da ruwa ke kwance shekara da shekaru, ganyen da ya mutu ba ya ruɓewa duka, sai ya riƙa taruwa a hankali, kusan milimita 1 a shekara. Ke nan wanda ya yanki zurfin mita 1 ya kwashe abin da ya taru cikin shekara 1000. Kusan kashi 1 cikin 5 na faɗin Ayilan irin wannan ƙasa ce.

Ana fara yankan ne wajen watan Afrilu ko Mayu. A da, ana amfani da wani siririn shebur mai suna sleán, a fitar da lakar kamar tubali, a shanya ta, sannan a jingina tubalan da juna don iska ta ratsa su. Kafin sanyi ya shigo an kai su gida. Maƙwabta kan haɗu su yi wa juna aikin, irin gayyar da aka sani a ƙasar Hausa. Su suna kiranta meitheal. Iyalai da yawa na da haƙƙin yanka a wani yanki na dausayin, kuma sau da yawa gadonsa suka yi.

Dausayin ya kuma zama rumbun tarihi, tun da abin da ya faɗa ciki ba ya saurin lalacewa. An sha tono man shanu da aka binne tun ƙarnoni. A 2003 an samu gawarwaki 2 da suka haura shekara 2000, fatarsu na nan. A 2006 wani mai tuƙa injin haƙa ya ci karo da littafin Zabura da aka rubuta wajen shekara ta 800.

To mene ne matsalar? Irin waɗannan dausayoyi kashi 3 cikin 100 ne kawai na doron ƙasa, amma kabon da suka riƙe ya fi na dazuzzukan duniya baki ɗaya. Da an janye musu ruwa ko an ƙona lakar, sai kabon ya tashi sama ya ƙara ɗumamar duniya. Shi ya sa kamfanin gwamnati Bord na Móna, wanda aka kafa a 1946 don haƙar lakar, ya sanar a Janairun 2021 cewa ya daina. Daga 31 ga Oktoban 2022 kuma aka hana sayar da ita a kantuna, saboda hayaƙinta na cutar da lafiya.

Sai dai dokar ta bar wa masu haƙƙin gado damar yanka don amfanin gidajensu. Da yawansu na cewa ba su da makamashin da ya kai ta araha, kuma ba za su saki sana'ar iyayensu ba. Masu kare muhalli kuwa na neman a toshe magudanan da aka haƙa, ruwa ya koma dausayin. An fara wannan aiki a filayen kamfanin, amma kafin laka ta sake cika ramukan, sai an yi ɗaruruwan shekaru.