Wasan sanɗa da rigimar tarihi: daga Bagadaza zuwa Lugu

Ranar 19 ga Maris 2025, a zauren majalisar dokokin Japan, wani ɗan majalisa ya miƙe ya yi wa firaminista Shigeru Ishiba tambaya a kan wasan bidiyo. Wasan bai ma shiga kasuwa ba, sai washegari. Abin da ya tada hankalin ɗan majalisar shi ne wani guntun bidiyo da ya bazu, inda aka ga mai wasa ya kutsa wurin bautar Shinto yana farfasa kayan ciki. Ishiba ya amsa cewa wulaƙanta wurin bauta a zahiri abu ne da ƙasa ba za ta lamunta ba. Ranar da wasan ya fito, kamfanin Ubisoft ya riga ya saka masa gyara: tebura da kantocin cikin wuraren bautar ba su ƙara fasuwa.

Sunan wasan Assassin's Creed Shadows, ɗaya daga cikin jerin da kamfanin na Faransa ya fara a 2007, wanda zuwa 2022 an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 200. Tsarinsa bai da wuyar faɗa. Ana ɗaukar wani zamani na gaske, a gina biranensa da kasuwanninsa da tufafin mutanensa, a saka mai wasa a ciki cikin rigar wani ɗan ƙungiyar asiri. Aikinsa sanɗa: ya hau rufin gidaje, ya saje da taron jama'a, ya laɓe cikin ciyawa, ya kai ga azzalumin da aka aike shi gare shi ba tare da dogarai sun farga ba. Na farkon ya faru ne a 1191, lokacin yaƙin Salibiyawa na uku, tsakanin Ƙudus da Dimashƙa da Akka, jaruminsa Altair. Na biyu, a 2009, ya koma Italiya tare da Ezio, wanda har yau tsofaffin masu wasan ke auna kowane sabon jarumi da shi.

Rigimar masu wasan ta farko a kan sanɗar ce kanta. A wasannin farko, idan mutum ya yi haƙuri ya lallaɓa har bayan abokin gaba, suka ɗaya da ɓoyayyar wuƙar da ke ɗaure a hannunsa ta gama magana. Daga Origins na 2017, wanda aka kai Masar ta zamanin Kiliyofatara, sai kamfanin ya canza salo. Ƙasa ta yi faɗi, makamai suka yi yawa, aka ba kowane soja matakin ƙarfi, ta yadda mai wasa zai iya yin sanɗar da ba ta da aibi, ya soki mutum, mutumin ya juyo da rai saboda matakinsa ya fi nasa. Wannan ya ƙona ran masoyan tsohon salo, kuma suna da gaskiya. Wasan da aka gina a kan haƙuri, idan haƙurin bai biya ba, an rushe tushensa. Sai dai sabon salon ya jawo miliyoyin da ba su damu da laɓe ba, masu son yawo da arangama. Odyssey na 2018 da Valhalla na 2020 sun samu kasuwa sosai, ko da yake kukan da aka fi yi da Valhalla shi ne tsawo: labarinsa kaɗai yakan ci wajen awa 60, mai son ganin ƙarshen komai kuwa ya haura 100.

Amsar wannan kuka ita ce Mirage, wanda reshen kamfanin na Bordo ya fitar a Oktoban 2023. Gari ɗaya, labari na awa 15 zuwa 20, sanɗa ta dawo gaba. Garin kuwa Bagadaza ce ta shekarar 861, shekarar da aka kashe halifa Mutawakkil na Abbasiyawa. A nan ne ra'ayin masu wasa Musulmi ya fito fili, don sun daɗe suna ganin garuruwansu a wasanni a matsayin kangaye da fagen harbi. A Mirage ana jin kiran salla yana tashi daga masallatai. Akwai Baitul Hikma da littattafanta, akwai ƴaƴan Musa masu ƙere-ƙere, akwai Ali bin Muhammad da ya jagoranci tawayen Zanj. An yi wa wasan cikakkiyar murya da Larabci, ɗan fim Eyad Nassar ya yi muryar jarumin, Basim, kuma masu wasa da yawa da ba su jin Larabci sun zaɓi wannan muryar suna karanta fassara a ƙasa. Kamfanin ya ɗauki masana, cikinsu har da Glaire Anderson ta jami'ar Edinbura, suka rubuta bayanai a kan wurare 66 da mai wasa ke tsinta yana yawo. Masu suka sun ce labarin bai da zurfi, faɗan takobi kuma ya yi rauni. Amma da wuya a sami wanda ya kushe garin.

Shadows bai sami wannan sa'a ba. Jarumansa biyu ne: Naoe, ƴar sanɗa da aka ƙirƙira, mai kashe fitilu da rarrafe cikin duhu, da Yasuke, baƙar fata da ya rayu da gaske. Ya isa Japan a 1579 tare da limamin Jesuwit Alessandro Valignano, ya shiga hidimar Oda Nobunaga a 1581, rubutun zamanin kuma ya nuna an ba shi gida da albashi da gajeren takobi. Aka yi wata da watanni ana jayayya a intanet ko ya cancanci a kira shi samurai. Cikin masu ƙorafin akwai Japanawa da suka nuna kurakurai na gaske a gine-gine da tutoci, har kamfanin ya ba su haƙuri a Yulin 2024. Akwai kuma waɗanda launin fatar mutumin ne kawai ya tsone musu ido, alhali shekara da shekaru ba su yi magana ba da aka sa Ezio faɗa da Fafaroma a cikin Batikan. Ko a Faransa an taɓa irin wannan: a 2014 ɗan siyasa Jean-Luc Mélenchon ya zargi Unity, wani wasan jerin, da ɓata sunan juyin juya halin ƙasarsu.

Mai karatu a Dogon Kiriya zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Wasan nan yana son PlayStation ko kwamfuta mai ƙarfi, da wutar da ba ta yankewa, da intanet da zai sauke gigabait gommai. Gaskiya ne, a Arewa abin da ya fi yawo a salular samari ƙwallo ce da wasannin harbi marasa nauyi. Amma hotunan wasan suna isowa ko da wasan bai iso ba, ta TikTok da YouTube da turawa daga waya zuwa waya a fada ana jiran shayi ya nuna. Bloodlines na 2009 ma, wani tsohon wasan jerin, yana tafiya a Android ta manhajar PPSSPP. Yaron da ya ga Bagadazar Mirage na minti biyar, da wuya littafin makaranta ya goge masa wannan hoton. Shi ya sa Japanawa suka ɗauki abin da zafi, shi ya sa kuma batun ya shafi Arewa.

Ƙasar Hausa ta riga ta fara shiga wasannin duniya. A 2021 Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummominsa, da Sarauniya Amina ta Zazzau a gaba, kuma a 2025 Civilization VII ya sa ta cikin shugabannin da ake zaɓa. Waɗannan wasannin dabarun mulki ne, ana kallon runduna daga sama. Wasan sanɗa kuwa yana shiga gida, ya shiga ɗaki, ya taɓa abin da mutane ke girmamawa.

In da masu ƙira za su nemi labarin da ya dace da sanɗa a wannan yanki, ba za su wuce Lugu ba, a gundumar Dogon Dutsi. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Paul Voulet da Julien Chanoine ta ratso Dallol Mawri tana ƙone garuruwa a hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Ranar 16 ga Afrilu ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Maharban Azna ba su da igwa ba su da bindigogin zamani. Suka ja da baya cikin kurmi mai sarƙaƙiya, suka yi ta sakin kibau daga inda ba a ganinsu. Rahoton Faransawa da kansa ya ƙirga musu mutum 4 matattu da 6 masu rauni, asarar da ba su saba yi ba a wannan tafiya. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Konni a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda Faris ta aiko ya tsayar da shi, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi.

Sai dai Sarauniyar da duniya ta sani ta fito ne daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayinta, ya kuma ci babbar kyautar Fespaco a 1987. A can jaruma ce mai kwari da baka, tana gaban mayaƙa. A bakin mutanen Lugu kuwa Sarauniya sarauta ce da ake gada har yau: mace mai farin tufafi da ke zaune a ɗakinta tana kaɗin auduga, ƙarfinta na asiri ne da riƙon ƙasa, tare da Baura na Bagaji da dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a. Mamani ya ƙara gishiri don ya ba matasan Afirka jaruma, kuma ya yi nasara, har gidan rediyo a Yamai ya ɗauki sunanta. Mai ƙirar wasa zai ƙara fiye da nasa, domin wasa yana bukatar wanda zai yi tsalle ya soka.

Ƙarin gishirin ba shi ne abin tsoro ba, masu wasan Assassin's Creed sun yarda da shi tun 2007. Abin da ya raba Mirage da Shadows a idon masu gari shi ne wa aka tambaya, kuma me aka bari hannun mai wasa ya taɓa. Wasan da zai shiga Lugu dole ya yanke ko mai wasa zai iya kutsawa ɗakin Sarauniya, ko zai iya ture Tunguma, ko mayaƙan za su yi Hausar Arewa ko Faransanci, ko za a nuna cewa yawancin masu riƙe da bindigogin Voulet ƴan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma. Masu amsar waɗannan tambayoyi suna nan: dattawan Lugu da Bagaji da Matankari, da malaman jami'ar Abdou Moumouni irin su Antoinette Tidjani Alou da ta yi rubutu a kan yadda labarin ya sauya daga baka zuwa littafi. Masu fim ɗin African Apocalypse na 2020 sun bi hanyar Voulet gari bayan gari, suka tarar da jikokin waɗanda aka kashe suna riƙe da labarin da sunayen wurare. Irin wannan ɗaukar murya, salula ɗaya da katin ajiya sun ishi ɗalibin Dogon Kiriya ya fara ta a ƙauyensu.